Anti, in sayar da ɗankunnena a yi min furojek?

Wannan saƙon ya shigo min daren Laraba daga wata ƙanwa a Jos. Na ɗan rage shi, na kuma cire sunan makaranta da na mutane kamar yadda ta roƙa.

"Salam Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Bayokemistiri na karanta a digirin farko, yanzu ina mastas a bayo'infomatiks (nazarin bayanan halittu da kwamfuta), shekara ta biyu. Gaskiya na shiga ne dan an ce shi ake yayi kuma ba sai ka sayi kemikal ba. Darussan aji na wuce su lafiya amma furojek ya tsaya min a wuya. Sufabaiza ya ba ni dokin, wato in gwada sinadaran ganyen sabara a kwamfuta in ga ko za su kama wani furotin na ƙwayar maleriya. Mutumin kirki ne amma ɗan lab ne, ya faɗa min gaskiya ɓangaren kwamfuta ba nashi ba ne. Laftof ɗina ram 4 ce, in na buɗe abu biyu sai ta sandare. Wata biyar ban da komai sai babi na ɗaya da na biyu. Akwai wani da yake yi wa 'yan ajinmu, ya ce in kawo dubu 120 ya haɗa min sakamako da hotuna da babi na huɗu da na biyar cikin sati biyu, mutum uku har sun karɓi nasu. Ba ni da kuɗin sai dai in sayar da ɗankunnen gwal ɗin da Hajiyarmu ta ba ni. Babana dankalin turawa yake sarowa daga Bokkos ya sayar a Farin Gada, da shi yake biya min makaranta, kullum tambayarsa wai me kike karantawa ne har yanzu, ni kuma na rasa ta inda zan fara masa. An sa bikina bayan babbar sallah. Saura wata huɗu a rufe karɓar aiki. In biya kawai in huta?"

Wa alaikis salam ƙanwata. Ɗankunnen nan ki mayar da shi akwati ki kulle. Wa'azi kam ba zan miki ba, dan da ranki ya kwanta da abun ai ba za ki rubuto min ƙarfe ɗayan dare ba, da tuni kin je wajen 'yan gwal. Ni ciniki zan duba miki, kamar yadda Babanki yake kwance bakin buhu ya tura hannu har ƙasa kafin ya biya.

Kin san me za ki saya da dubu 120 ɗin? Bawan Allahn nan zai shiga PDB, rumbun da ake ajiye siffofin furotin kyauta tun 1971, ya sauke furotin ɗaya. Ya shiga PubChem, rumbun sinadarai, shi ma kyauta, ya sauke sinadarai kamar ashirin. Ya zuba su a manhajar PyRx ya danna maɓalli, ya tafi ya ci abinci ya dawo ya tarar da tebur na lambobi, ya yi hotuna masu kala ja da kore da shuɗi. Aikin yini ɗaya ne, in ya yi yawa biyu, sati biyun da ya ce miki dan kuɗin ya yi kama da guminsa ne. Kuma babi na biyar ɗin da zai ba ki, ina mai tabbatar miki ƙanin na waɗancan ukun ne uwa ɗaya uba ɗaya, sunan ganye kawai za a canza. Abun da ya fi ba ni haushi a madadinki shi ne aikin da kike tsoro har ya hana ki barci wata biyar, laftof ɗinki mai ram 4 ɗin nan da kike raina wa za ta iya shi.

Na taɓa zama a wani difens, ba zan ce ina ba. Yarinya ta fito tsaf, silaid ɗinta sun fi na kowa kyau, furotin yana juyawa a allo kamar a talabijin, har 'yan baya suna gyaɗa kai. Dattijon da aka gayyato daga wata jami'a, wato estanal, bai ce uffan ba sai da ta gama, ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa ya ce, 'yata, akwatin binciken nan a ina kika ɗora shi a jikin furotin ɗin, kuma me ya sa nan? Shikenan tambayar. Duk wanda ya taɓa yin dokin da hannunsa ko sau ɗaya ya san akwatin nan, dan manhajar ba ta tashi sai ka nuna mata wurin da za ta nema, ka ba ta tsawo da faɗi da zurfi. Yarinyar ta kalli allo, ta kalli sufabaiza, shi kuma ya sunkuyar da kai yana jujjuya biro. Ɗakin ya yi tsit har fankar sama ana jin ƙararta. Kayan aro dai ba ya rufe katara, kuma abun tausayin ita ma na san kuɗi ta kashe ba kaɗan ba.

To a ce ma kin tsallake difens, estanal ɗin ya gaji yana sauri ya kama hanya. Sai kuma me? Akwai kwasa-kwasan da takarda ke yi maka magana shekara da shekaru ba wanda ya gane komai. Namu ba ya cikinsu. Ranar da na je intabiyun aikin da nake yi yanzu a Abuja, takarduna ko minti biyu ba su yi a hannunsu ba, aka turo min kwamfuta aka ce ga fayil nan, faɗa mana me ke ciki kuma ko yana da kyau. Fayil ɗin FASTQ ne, irin wanda injin karanta DNA ke fitarwa. In kin buɗe shi layi huɗu-huɗu ne: na farko suna, na biyu haruffa zalla AGGTCTTACG haka har ƙarshe, na uku alamar tarawa, na huɗu wasu tarkacen alamomi kamar yaro ya hau kan kibod, alhali su ne ke gaya miki yadda injin ya yarda da kowane harafi da ya karanta. Wanda bai taɓa gani ba a nan zufa ke karyo masa, ko da kuwa sanyin AC ne a ɗakin. Mastas a bayo'infomatiks da hannu bai iya ba, wallahi ya fi rashinsa ciwo, dan kin ɗaga wa mutane tsammani ne.

Yanzu mu zo kan dokin ɗin kansa, kuma dan masu karatu, ba dokin hawan sallah ba ne, kalmar turanci ce muka murɗe. Ki ɗauki furotin a matsayin kwaɗo, sinadarin kuma ɗan makulli. Manhajar, irin su AutoDock Vina da ta fito a 2010 wadda ita ce ma ke aiki a ƙarƙashin PyRx, tana ɗaukar makullin ta jujjuya shi ta lanƙwasa shi sau dubbai cikin ramin kwaɗon, ta ba kowane zama maki. Makin nan shi ne lambar da kike gani a furojek ɗin mutane, -7.2, -8.4, ana cewa wanda ya fi yin ƙasa ya fi kamawa. Ga abun da mai dubu 120 ba zai rubuta miki ba: lambar nan kintace ce, kuskurenta yana iya kai 2 zuwa 3, dan haka wanda ya zo yana murna wai nashi -8.4 ya doke maganin asibiti mai -8.1, bai faɗi komai ba. Sannan manhajar tana da son kai, manyan sinadarai take fifitawa dan sun fi taɓa wurare da yawa, kuma za ki ga irin su kwasetin, wanda har a albasa akwai shi, kullum shi ke zuwa na ɗaya ko da wace cuta aka gwada shi, yau kansa gobe siga jibi korona. Makulli ya shiga rami ba shi ne ya buɗe ƙofa ba. Balle a jikin mutum, inda sai ya tsallake ciki da hanta kafin ya ga ƙwayar cutar da idonsa.

Ba ki faɗa min wane furotin aka ba ki ba. In da damar zaɓi, ni DHFR na falsifarum, wato ƙwayar maleriyar da ta fi addabarmu, zan ce ki ɗauka, saboda yana da labari, kuma labarin namu ne. Ƙwayar maleriya tana buƙatarsa dan ta haɗa kayan da take gina DNA ɗinta, in aka toshe shi ba ta iya hayayyafa. Shi ne abun da firimetamin ke toshewa, ɗaya daga cikin magunguna biyun da ke cikin Fansidar, wanda har yau ake ba masu ciki a wajen awo. Ƙwayar kuma ba ta zauna ba, ta canza 'yan wurare a jikin furotin ɗin, gurbi na 108 da na 51 da na 59, sai ramin ya sauya siffa maganin ya daina zama daram. Kin ga an canza kwaɗo kenan makullin na nan yadda yake. Kuma a PDB akwai siffar tsohon akwai ta wanda ya canza. To ga tambayarki ta fito da kanta: sinadaran sabara, yadda suke zama a tsohon kwaɗo haka suke zama a sabon, ko su ma canjin ya shafe su? Wannan tambaya ce ta mai hankali, ƙarama ce daidai laftof ɗinki, kuma babu estanal ɗin da zai ji ta bai gyara zama ba.

Kafin ki taɓa sinadarin sabara ko ɗaya, akwai abun da za ki fara yi, in kin yi shi kin wuce rabin 'yan ajinku. Siffar da za ki sauke yawanci tana zuwa da wani sinadari maƙale a ramin, wanda aka gani da gaske a gwajin lab. Ki zare shi, ki ba manhajar ki ce ta mayar da shi. In ta mayar da shi kusan inda yake, tazarar da ake kira RMSD ba ta wuce angistiram 2 ba (ma'aunin tazara ne tsakanin atom da atom), to akwatinki na daidai kuma saitinki abun yarda ne. In ta jefa shi wani lungu daban, to duk lambar da za ta ba ki bayan nan shirme ce, sai ki koma ki gyara. Daga nan ki sa firimetamin ɗin kansa a kwaɗon biyu ya zama ma'auninki, sannan sinadaranki su biyo baya, kowanne ki maimaita shi kamar sau uku ki ga ko amsar tana tsayawa wuri ɗaya. Sinadaran kuma ba daga ka za ki kawo su ba, ki nemo takardun da aka riga aka tace sabara aka faɗi abun da aka samu a ciki, kowanne ki rubuta inda kika gan shi.

In kuma sakamako ya fito babu wanda ya taka rawar gani fa? Ki rubuta haka. Wallahi sakamako ne. Abun da ba za ki rubuta ba ko da an matsa miki shi ne "sabara tana maganin maleriya", dan kwamfuta ba ta da bakin faɗin wannan, iyakarta ta ce wannan da wannan sun cancanci a kai su lab a gwada. Mutanenmu suna karanta irin wannan kanun a WhatsApp su ajiye maganin asibiti su dafa wa yaro ganye, ki riƙa tuna wannan in kina rubuta babi na biyar.

Batun laftof. Ki rufe burauza da duk wani abu in za ki kunna aikin, ki bar ta ta yi nishinta, sinadari ɗaya 'yan mintuna ne. Ki kai ta wajen masu gyara a Taminus su duba ko tana karɓar ƙarin ram, da yawa suna karɓa, kuma kuɗin ko kusa da dubu 120 ba zai je ba. In abu ya fi ƙarfinta akwai Google Colab da ke ara miki kwamfuta ta intanet mai ram kusan 12 kyauta, akwai Galaxy da za ki ɗora fayil ki zaɓi manhaja, saba ɗinsu ta yi aikin ke kina barci, ko an ɗauke wuta a unguwarku ba ruwanta. Abu ɗaya kar ki yi alkawarinsa a furofozal: doguwar simuleshan ta motsin furotin irin ta GROMACS. Wannan kam ya fi ƙarfin laftof ɗinki nesa ba kusa ba, kuma mastas ɗinki zai tsaya da ƙafarsa ba tare da ita ba.

Ki sayi littafin rubutu na naira kaɗan. Ni ce shaida. Lokacin nawa mastas ɗin, cikin sanyin Disamba na Jos irin wanda ruwan randa ke yankar hannu, na kwana uku ina gwada saiti daban-daban lulluɓe da bargo, a dare na uku abu ya fito tsaf har na tashi na yi 'yar rawa ni kaɗai. Ban rubuta komai ba, wai ai zan tuna. Bayan sati shida aka ce in ƙara samfur biyu in maimaita, na zauna na rasa wane lamba na sa a ina, fayiloli na kuma sunayensu "final", "final2", "finalgaskiya". Sai da na sake komai daga farko. Tun ranar duk abun da na danna sai na rubuta kwanan wata da sunan fayil da lambobin da na sa. Babi na uku ma daga littafin nan zai fito, ba sai kin ƙirƙira ba. Af, kuma ki yi hattara da Excel in kin fara aiki da sunayen ƙwayoyin gado, yana mayar da irin su SEPT2 da MARCH1 kwanan wata ba tare da ya tambaye ki ba, abun ya ɓata takardun manyan masana da yawa har a 2020 aka haƙura aka canza wa ƙwayoyin suna. Kin ga ba ke kaɗai kwamfuta ke wa wulaƙanci ba.

Na san ainihin abun da ke ba ki tsoro baƙin allon nan ne, inda ba hoto ba maɓalli sai rubutu yana ƙyafta miki ido. Furojek ɗin nan za ki iya gama shi kusan ba tare da shi ba, amma kar ki fita daga makarantar ba ki saba da shi ba. Umarni goma na Linux sun ishe ki farawa, ls ki ga abun da ke wurin, cd ki shiga, cp ki kwafa, grep ki nemo, kullum rabin awa bayan asuba kafin gida ya tashi. Python, yaren ba wa kwamfuta umarni, ya biyo baya a hankali, akwai shafin Rosalind da ke ba da ƙananan tambayoyi, ta farko ma ƙirga A da C da G da T ne kawai a cikin layi. In jan rubutu ya fito kar gabanki ya faɗi, ki kwafe shi yadda yake ki zuba a Google, wani a Indiya ko Brazil ya riga ya ci karo da shi shekara takwas da suka wuce an kuma ba shi amsa. Su ChatGPT suna taimakawa wajen fassara irin wannan kuskuren, amma kar ki yarda su ba ki sunan takarda ko marubuci ba ki je kin gani da idonki ba, suna ƙirƙira ba kunya.

Sufabaizanki kuma ki riƙe shi da kyau. Malamin da zai ce wa ɗalibarsa wannan ban sani ba, ba kullum ake samunsa ba. Kuma abun da ya sani shi ne abun da mai dubu 120 bai sani ba: ya san enzayim, wato irin furotin ɗin nan mai aiki kamar DHFR, ya san me ake nufi da toshe shi, zai kalli hoton ramin ya ce miki wannan zaman ba ya yiwuwa. Kar ki je masa da kuka, ki je da shafi ɗaya: ranka ya daɗe ga furotin da na zaɓa ga dalili, ga sinadarai, ga yadda zan gwada saitin, ina roƙon a haɗa ni da wani da ya san ɓangaren kwamfuta ya zama mataimaki. Irin mutanen nan suna kusa da ke fiye da yadda kike zato. Vom na nan bayan Bukuru, cibiyar binciken cututtukan dabbobi tana can tun 1924, su ne ke bin diddigin murar tsuntsaye tun da ta ɓulla a ƙasar nan a 2006, kuma bin diddigin bairos yau ba ya yiwuwa sai da irin karatunki. Akwai kuma darussan gabatarwa na H3ABioNet da aka koyar da ɗalibai a faɗin Afirka kyauta, ki nemi kayansu a intanet.

Sai Baba. Ni tambayarsa ta fi burge ni a duk saƙon, dan mutumin da ke tashi da duhu cikin sanyin nan ya bi motar dankali yana da haƙƙin a ba shi amsar da zai iya maimaita wa abokansa a rumfa. Kar ki ce masa bayo'infomatiks. Ki ce Baba, duk abu mai rai akwai rubutu a jikinsa da haruffa huɗu kacal, na mutum ya kai harafi biliyan 3, sai da aka yi daga 1990 zuwa 2003 kafin a karance shi, ba mai iya bin wannan da ido sai kwamfuta, ni karanta shi nake koyo. In ya ce to amfaninsa, ki kawo masa sikila, babu dangin da ba ta taɓa ba: harafi ɗaya ne tak ya canza, inda ya kamata a ga GAG aka ga GTG, shi ne duk wannan ciwon ƙashi da kwanan asibitin.

Sannan ki ba shi misalin satar amsa, ni da shi nake wa kowa bayani. Yara goma sun kwafi aikin gida daga juna, na uku ya yi kuskuren harafi, duk wanda ya kwafa daga wajensa zai ɗauki kuskuren ya ƙara nashi. Malami mai wayo in ya jera takardun zai gane wa ya kwafi wa, har ya kai ga wanda ya fara. Haka ƙwayar cuta take, duk haihuwa kwafi ce kuma tana tafka 'yan kurakurai. Da haka ne a 2018, da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari hankalin kowa ya tashi ana tsoron ko sabon iri ne mai saurin bin mutane, masu bincike da ke aiki da asibitin Irrua a jihar Edo da cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's a Ede suka jera rubutun ƙwayoyin da aka samu a jikin marasa lafiya, suka ga ba zuriya ɗaya ba ce ke tsalle daga mutum zuwa mutum, yawanci kowa daga ɓera ya ɗauko nashi. Wannan ya nuna inda za a sa ƙarfi. Cibiyar nan dai, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara karance ƙwayar korona a duk Afirka a farkon Maris 2020, 'yan kwanaki bayan an samu mutum na farko a Legas.

Amma inda za ki kama shi da gaske shi ne dankali. Ya fi ki sanin ciwon nan da ke zuwa da damina mai yawan ruwa da hazo, ganye ya yi baƙi kamar an babbaka, dankalin ya ruɓe a ƙasa ko a cikin buhu, manoman Bokkos da Mangu su tashi a tutar babu, shi kuma kaya ya yi tsada a hannunsa. Ƙwayar da ke kawo shi ita ce ta jefa ƙasar Ayilan cikin yunwa daga 1845 har mutum wajen miliyan ya mutu, ƙasar da dankalin ya samo sunan Airish da ake kiransa da shi a kasuwa. An karance rubutunta a 2009. Da irin wannan karatun ake gane wane iri ne ya shigo gona, ko ya daina jin feshi, da kuma wane irin dankali ne ke iya jure masa. Ga tashar binciken dankali nan a Kuru, hanyar da yake bi. Hatta accan da ake tuwo da kunu da ita an karance nata a 2020. Ki gaya masa haka ki ga in bai fara ba ki labarin shekarar da ya yi asara ba, daga nan kuma hira ta zama taku.

Kar dai ki yi masa alkawarin aiki na jiranki a bakin ƙofa. Guraben da aka rubuta wa sunan kos ɗin nan ƙarara ba su da yawa a Najeriya, akwai babban lab na NCDC a Gaduwa nan Abuja, akwai cibiyar binciken bairos ta IHVN, akwai cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, akwai jami'o'i da ayyukan bincike masu tallafi daga waje, kuma masu nema sun fi guraben. Sai dai wanda ya iya tsaftace data ya yi mata lissafi da Python ko R ba a lab kaɗai ake nemansa ba, kuma masu ba da sikolashif na digiri na uku abun da suke so su gani shi ne ɗan aikin da za ki iya bayaninsa tun daga tushe. Duk waɗannan ƙofofin hannu suke tambaya.

Wata huɗu ya isa har da saura. Sati biyu na farko ki ba wa furotin da gwajin mayar da sinadarin nan, a nan za ki sha wuya, a nan za ki ji kamar ki jefar da laftof ɗin ta taga, ki daure. In ya wuce, sauran gudu ne, sati biyu ko uku kin gama lambobinki, wata guda na rubutu, ragowar na gyaran malam. Ki zaunar da angon ki gaya masa daga yanzu zuwa lokacin hirar dare za ta ragu, kuma zancen anko da kayan ɗaki ki miƙa wa ƙannenki da gwaggonni, dama abun da suke jira kenan. In ma ƙaddara ta sa aikin ya tsallaka bayan biki, matan aure nawa suka yi difens da goyo, ba a kansu aka fara ba. 'Yan ajinku ukun nan kuma ba ruwanki da su, kar ki kai ƙara kar ki yi gori, amma fayilolinki kar su bar hannunki, dan mai sayar da furojek kullum yana neman sabon kaya.

Yau da daddare in an kawo wuta, ki shiga shafin PDB ki rubuta Plasmodium falciparum DHFR a wurin nema, ki zaɓi ɗaya da ke da sinadari a maƙale, ki buɗe hoton ki jujjuya shi da yatsa har sai kin gano ramin da idonki. Ki ɗauki hoton allon ki turo min, da lambar siffar mai harafi huɗu, ki kuma rubuta ta a shafin farko na littafin nan. Ina duba saƙonni bayan isha'i. Ki gaida Baba da Hajiya.